Tsohuwar Leda a Jikin Hayis

Garin Doka yana kan titin kwalta da ya taso daga Gadarif ya nufi Gallabat, bakin iyakar Sudan da Habasha, kuma matafiyi yakan iske shi kusan a tsakiyar hanya. Bahaushen Kano ko na Maraɗi da ya ji sunan zai ɗauka dokar hukuma ake nufi, ko itacen doka na daji. A Larabcin Sudan kuwa doka shi ne sunan faifan da mata suke ɗorawa a wuta su gasa kisira, wato gurasar dawa mai falle-falle da ake ci da miya. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannunsa a jikin mota a garin nan da azahar cikin watan Afrilu, ba zai sake mance wannan ma'ana ba.

A bayan kasuwar garin, ƙarƙashin wata rumfar kwano da iska ta riga ta yaye wa gefe ɗaya, akwai wani dattijo mai gyaran jikin mota da fenti. Bahaushe ne, a nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Hausawan wannan yanki sun daɗe da kafuwa. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan a ƙasa, su ya da zango su yi noma shekara ɗaya ko biyu don neman guzuri, waɗansu su wuce, waɗansu zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, wani ayarin ya bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Daga baya noman dawa da riɗi na ƙasar Gadarif, wanda aka soma yi da tarakta tun shekarun 1940, ya jawo wasu da yawa zuwa wannan baƙar laka. Dattijon ba ya lissafa shekarun nan. Abin da ya riƙe shi ne kakansa ya tashi da niyyar Makka, sai ya tsaya a nan.

Ɗan ƙanwarsa ne ya kawo masa aikin da za a ba da labari. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, direba, wanda ya bar Doka tun yana saurayi ya tafi Hartum neman abinci. A can ya tara kuɗi ya sayi wata ƙaramar bas ƙirar Toyota Hiace, wadda direbobi suke kira hayis. Daga hannun wani kamfanin rarraba kaya ya saye ta bayan sun gama cin moriyarta. Kamfanin ya lulluɓe gabanta da wata leda mai haske kamar ruwa don kare fenti daga tsakuwar hanya, ya kuma manna wa gefunanta biyu da ƙofar baya wata ledar mai ɗauke da sunansa da tambarinsa. Da direban ya karɓi motar aka ba shi shawara ya ɓare, sai ya ƙi. A ganinsa riga ce Allah ya ba motar kyauta, kuma babu mai hankalin da zai tuɓe wa dukiyarsa riga a cikin ƙurar Hartum. A lokacin da ya faɗi haka yana da gaskiya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Bayan 'yan makonni ya loda matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa da maƙwabta gwargwadon abin da motar ta iya ɗauka, ya bi ta Wad Madani, ya yi tafiyar kilomita wajen 400 zuwa Gadarif, daga nan ya gangara gida. Garin da ya dawo ya iske ya saba da baƙin gudun hijira, domin sansanin Um Rakuba, inda aka sauke mutanen Tigray tun ƙarshen 2020, ba shi da nisa da Doka. Sai dai wannan karon 'yan ƙasa ne suke gudu, waɗansu su tsaya, waɗansu su zarce Gallabat su ƙetare zuwa Matama. Direban ya soma jigila tsakanin Doka da Gadarif, da haka yake ciyar da gida biyu.

Abin da ya sa ya tuna da ledar shi ne shingayen bincike. An wawashe motoci masu yawan gaske a Hartum tun farkon yaƙin, saboda haka motar da ta fito daga can, ga kuma sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jikinta, ga direban da ba ma'aikacin kamfanin ba, dole a tsayar da ita. Takardunsa cikakku ne, amma kowace tsayawa sai ya fito da su, a juya su gaba da baya, fasinjoji suna gumi suna tsaki. Wata rana aka riƙe shi daga hantsi har la'asar. Daren nan ya ce wa matarsa gobe zai kai motar wajen kawu a shafe rubutun.

Dattijon ya zaga motar sau biyu bai ce komai ba. Ya sa farce a gefen ledar ya ɗan ja, sai wani ɗan guntu kamar ɓawon gyaɗa ya ɓalle a hannunsa. Ya duba shi, ya yar. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, ina takardun motar?"

Direban ya ji zafin tambayar har cikin ransa. "Haba Kawu, ni ma sai na nuna maka takarda?"

"Kai ma. Ba don ban yarda da kai ba. Gobe in an zo an tambaye ni wa ya sauya wa motar nan kama, ina so in ce na gani da idona."

Dattijon bai yi laifi ba a nan. A zamanin da mota take ɓacewa a wani gari ta bayyana a wani da sabon launi, mai fenti yana iya zama abokin ɓarawo ba da saninsa ba, kuma shekara arba'in na mutunci a kasuwa ba abin da za a jingina ba ne saboda kunyar ɗan ƙanwa. Ya sa tabarau ya karanta takardun, ya kwatanta lambar da ke jikin ƙarfen motar da wadda aka rubuta, ya mayar masa.

Gardama ta biyu ta fi tsawo. Direban yana so a goge saman ledar sama-sama, a fesa fenti a kanta, kwana biyu ya koma hanya. Hujjarsa tana da ƙarfi: kowace ranar da motar ta kwana a rumfa, gida biyu ne ba su samu cefane ba. Ga damina ta ƙarato, domin a wannan yanki ruwa yakan sauka daga watan Yuni, kuma da zarar ya sauka iska ta yi laima, fenti ba ya bushewa yadda ake so, hanyoyin ƙauye kuma su zama taɓo mai riƙe taya. Dattijon ya saurare shi har ya gama, ya ce, "In ka yi yaɓe a kan tsohon yaɓen da ya riga ya saki bango, wanne ne zai faɗo?" Direban ya ce na ƙasa. "To na saman fa, a iska zai tsaya?"

Maganar tana da tushe a yadda ledar take. Irin mai hasken nan da ake mannawa a gaban mota an fara yin ta ne don sojojin Amurka, domin kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa, daga baya ta shigo kasuwar motoci. Roba ce mai taushi da gam a bayanta. Ta gefe mai rubutu kuwa wata irin roba ce da ake cuɗawa da sinadarin da ke sa ta laushi. Masu yin su sukan ƙiyasta musu shekaru kaɗan, biyar zuwa goma in ta yi kyau, kuma a ƙasa mai matsakaicin zafi suke wannan lissafi. A inda zafin bazara yake haura digiri 40 a inuwa, rana tana cin ledar da wuri. Sinadarin laushin yana fita a hankali, robar ta bushe, ta ja jiki, ta yi rawaya, ta tsattsage kamar ƙasan tafki a ƙarshen rani. Gam ɗin da ke ƙasa kuma ya dahu, ya kama fenti ya ƙi saki. Leda sabuwa ana ɓare ta falle guda kamar fatar akuya. Wadda ta tsufa sai dai a bi ta guntu-guntu. Fentin da aka fesa a kanta ba ƙarfe ya riƙe ba, ita ya riƙe, ita kuwa tana kan hanyar faɗuwa. Kafin damina ta fita zai tsage a daidai inda ta tsage, ya kumbura, ya zubo da ita.

Direban bai gamsu ba, amma ba shi da wani mai fentin da zai yi masa bashi. Aka shirya cewa shi da yaron shagon za su yi ɓarewar don a rage kuɗin aiki, dattijon ya tsaya a kansu.

Abin da ke sassauta gam shi ne zafi. A manyan garejin birni akwai na'urar hura iska mai zafi, kamar ta busar da gashi amma ta fi ta ƙarfi. Dattijon yana da guda, sai dai wutar lantarki ba ta da tabbas, man janareta kuma an ajiye shi don ranar feshi. Saboda haka aka koma ga abin da Allah ya hore: rana da tafasasshen ruwa. Sai dai zafin ma yana da ƙa'ida. Da sanyin asuba ledar tana ƙarfi, tana karyewa a ƙarƙashin farce kamar ɓawon ƙwai. Da tsakar rana kuma ƙarfe ya yi zafin da ba a iya taɓawa, gam ya narke ƙwarai, sai robar ta fita ta bar shi shimfiɗe a jikin mota kamar an shafa zuma. Lokacin aiki shi ne tsakanin nan: daga hantsi zuwa kafin rana ta take, sai kuma bayan la'asar in ƙarfen ya soma hucewa. Ma'aunin dattijon tafin hannu ne. In mutum zai iya ɗora hannu ya ƙirga biyar kafin ya janye, to zafin ya yi daidai. Wuraren da rana ba ta kai wa, kamar ƙasan ƙofa, sai a jiƙa tsumma da ruwan buta mai zafi a ɗora na ɗan lokaci.

Ya hana su reza da wuƙa. Ya yanko musu guntayen tsohuwar jarka, ya wasa bakinsu a kan dutse, ya ce da wannan za a tura. Roba ba ta yankan fenti, ƙarfe kuwa yana yanka har ya kai ga ƙarfe ɗan'uwansa, kuma duk inda ya kai ya buɗe wa tsatsa ƙofa. Ya nuna musu yadda ake ja: ba a fizga sama, ana kwantar da ledar ne a ja ta a hankali kusa da jikin motar, hannu ɗaya yana ja, ɗaya yana tura bakin robar a ƙarƙashi. In ta tsinke, a nemi wani bakin a sake somawa. Takan tsinke sau ɗari kafin a gama faɗin tabarmar salla.

Ranar farko suka ɓare rabin ƙofar direba. Da yamma direban ya tsaya ya dubi abin da suka yi, ya dubi abin da ya rage, ya yi lissafi a zuci, ya ga mako guda ba zai isa ba. Yatsunsa sun yi ja, farcen babban yatsa ya tsage. A gida tsohuwarsa ta tambaye shi yaushe motar za ta fito, ya ce sai abin da Allah ya yi.

A rana ta uku ya yi kuskuren da kusan kowa yake yi. Dattijon ya tafi jana'iza a wani ƙauye, sai direban ya aiki yaron ya sayo reza, ya kuma ɗauko galan ɗin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya zuba a tsumma. Aiki ya yi sauri, babu shakka. Cikin sa'a biyu ya share abin da zai ɗauke su yini. Sai da ya ja da baya ya ga abin da ya bari: tina ta narkar da robar da gam ɗin da fentin ƙasa ta haɗe su wuri ɗaya, sun zama wani kunu mai danƙo, reza kuma ta bar zane-zane kamar tsagar fuska, waɗansu har ƙarfe yana ƙyalli a cikinsu. Da dattijon ya dawo ya tsaya a gaban wurin, ya daɗe. Yaron shagon ya sulale ya koma bayan rumfa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sauri ya haifi nawa, ɗana. Wannan gefen yanzu sai an kai shi har ƙarfe." Bai ƙara ba, direban ma bai amsa ba. Washegari da hantsi aka gan shi da guntun jarkarsa a hannu.

Ba daidai ba ne a ɗauki gaggawarsa a matsayin wauta. Mutumin da ya baro gidansa da kayan ɗakin matarsa a garin da ba ya iya komawa, abin da ya rage masa a duniya yana tsaye a ƙarƙashin rumfa ba ya kawo ko sisi, ba zai ga kwana ɗaya yadda mai shago yake ganinsa ba. Dattijon ya san haka. Shi ya sa kullum da azahar ake kawo kwanon abinci daga gidansa a aika da rabi gidan ƙanwarsa, ba tare da an ce komai ba. Amma sanin halin mai mota ba ya sauya halin gam.

Wanda ya tsaya kusa da su a kwanakin nan zai ji wani abu da zai amfani ɗalibin Hausa. Hausa suke yi tsantsa, da karin magana da zaurance da komai, amma sunayen kayan aiki na Larabcin Sudan ne. Abin da ɗan Kano zai kira fenti, dattijon buhiya yake cewa. Garejinsa warsha ce. Takardar goge ƙarfe da ake kira sanfefa a Nijeriya, a bakinsa sanfara ce. Ƙullun cike lotsawa ma'ajun ne, shi kansa kuma samkari ne, kuma baƙi in sun zo usta suke kiransa, wato gwanin sana'a. Bahaushen Nijeriya ya aro nasa daga Ingilishi, na Nijar daga Faransanci, na Sudan daga Larabci, domin kowa daga bakin wanda ya koya masa sana'ar ya ɗauki sunan. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci. Sai dai aikatau ba su motsa ba. Ana ɓare leda, a kankare gam, a goge ƙarfe, a shafa ma'ajun, a fesa buhiya. Kuma dattijon yana bambanta su da kyau: ɓarewa ta abin da zai fita falle ce, kamar ɓawon ayaba, kankarewa ta abin da ya manne ce, kamar ƙanzo a gindin tukunya, ɗayewa kuwa ita ce in abu ya taso da kansa ko ya biyo wani, kamar fatar ƙuna. In yaron ya ce fenti ya ɓare, sai ya gyara masa: ya ɗaye dai.

Ɗayewar ce ta tona asirin motar. Da suka kai gefen hagu, bayan tayar baya, ledar ta fito da fenti manne a cikinta, faɗin tafin hannu biyu, ƙasansa kuma ga ma'ajun mai kauri ya tsattsage. Fentin masana'anta ana gasa shi ne da zafi mai yawa, shi ya sa ba ya bin leda. Wanda ya biyo ta, to wani ne ya fesa shi daga baya. Dattijon ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, ya ji ƙarar ta mutu, ya ce motar ta taɓa yin karo a nan, an cike an rufe da leda. Direban ya rantse ranar da ya saya an ce masa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Ya tsaya yana kallon ramin, shekara da shekaru yana wanke wurin nan da hannunsa bai sani ba. A ƙasan gilashin gaba kuma, inda bakin ledar ya ɗaga tun tuni, ruwa ya riƙa shiga yana kwanciya ba ya samun hanyar fita, tsatsa ta ci layi guda har ta kusa huda ƙarfen. Nan ne rigar ta cuci mai ita. Da an fesa fenti a sama kamar yadda ya so, da sai ranar da ruwa ya soma ɗiga a ƙafar fasinjan gaba za a sani.

Ƙofar baya suka bari ƙarshe, kuma direban ne ya yi ta jinkirta ta. A kusurwarta ta dama, a kan farin ledar, akwai lambar waya da aka rubuta da alƙalami mai kauri, ta dushe amma tana karantuwa. Ranar da za su bar Hartum wani maƙwabcinsa, tsoho, ya ƙi shiga motar, ya ce ba zai bar gidansa ba. Babu takarda a kusa, sai ya karɓi alƙalamin wani ɗan makaranta ya rubuta lambar 'yarsa da ke aure a Gadarif a jikin ƙofar, ya ce in sun isa a gaya mata yana nan lafiya. Direban ya isar da saƙon. Bayan wata biyu wayar tsohon ta daina shiga, kuma har ranar da ake wannan aiki babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Lambar tana cikin wayar direban tun tuni, ba ya bukatar ta jikin ƙofa. Amma rubutun hannun mutumin ne.

Dattijon ya lura da yadda yake kewaye kusurwar. Ya zo ya duba, aka ba shi labari a taƙaice. Ya ce a kawo ruwan zafi. Shi da kansa ya ɗora tsumma, ya jira, ya sake ɗorawa, ya sa bakin jarka a hankali ta kowane gefe, ya fi rabin sa'a a kan wurin da bai kai tafin hannu ba. Ledar ta fito guda, ta tsage a gefe ɗaya kawai, lamba biyu na ƙarshe suka rabu da sauran. Ya manna guntayen biyu a kan wani kwali ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa. "Kai wa yarinyar," in ji shi. Direban ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun gaba.

Bayan leda sai gam, kuma wannan aikin ya fi na farko ban haushi domin ido ba ya ganin ci gabansa. Kananzir suka shafa, a bar shi ya jiƙa, a tura da roba, danƙon ya dunƙule ya faɗo. Man gas ma yana yi, kuma ya fi sauƙin samu a garin da taraktoci suka yi yawa. Sai dai dukansu suna barin maiƙo, maiƙo kuwa abokin gabar fenti ne: ko ɗigo ɗaya ya rage, fenti zai guje shi ya bar ɗan rami zagayayye kamar idon kifi. Don haka aka wanke motar da garin sabulu sau biyu, aka ɗauraye, dattijon ya watsa ruwa ya tsaya yana kallo. Inda ruwa ya shimfiɗu, wurin ya fita. Inda ya tattaru ya yi ƙwaya-ƙwaya, a sake wankewa.

Da ta bushe sai ga wani abin mamaki ga direban, ko da yake dattijon ya san za a gan shi. Sunan kamfanin yana nan. An cire ledar, an cire gam, amma rana ta ratsa wurare masu haske na ledar fiye da masu duhu, gefen haruffan kuma ya bar shaida a jikin fenti, har mutum yana iya karanta sunan in ya tsaya a karkace. Rufin motar da bai taɓa samun leda ba ya koma ruwan ƙwai, yana barin gari a yatsa. Gaban da aka lulluɓe kuwa fari ne tas, kamar ranar da ta fito daga Japan. Mota ɗaya, fari iri uku. Direban ya shafa farin gaban ya ce ashe haka take. Shekarun da ya yi da ita bai taɓa ganin ainihin launinta ba.

Daga nan aiki ya koma hannun mai shi. Ya tono tsohon ma'ajun, ya buga lotsawar daga ciki har ta kusa daidaita don kada a sake cika ta da kauri, ya kankare tsatsar ƙasan gilashi har ƙarfe ya yi haske, ya bi gefen da reza ta ɓata. Ya goge jikin duka da sanfara, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ta ƙarshe da ruwa, har inuwar haruffan ta ɓace ƙarƙashin hannunsa. Ba ya duban aikin da ido sosai; yakan kau da kai ya bi wurin da tafin hannu, ya ce ido yana yaudara, hannu ba ya yi.

Saura launi. Direban yana son shuɗi, irin na sararin sama bayan ruwa, don motar ta fita daban a tasha. Dattijon ya ce a sake kawo takardun. Ya nuna masa da yatsa inda aka rubuta launin mota: fari. Ya ce, "Ka zo nan ne don a daina tsayar da kai. In ka fita da shuɗiyar mota da takardar farar mota, ka sayi wata tsayuwar da kuɗinka." Direban ya yi dariya, karo na farko cikin kwana goma sha ɗaya.

Aka rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu. Aka yayyafa ruwa a ƙasan rumfar da kewayenta don kwantar da ƙura, aka rataya buhuna a gefen da iska ta yaye. Bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, aka tayar da janareta da man da aka ɓoye, dattijon ya ɗaura tsumma a hanci ya fesa fentin shimfiɗa. Kwana biyu bayan haka ya fesa farin, hawa uku, yana ba kowane hawa lokacinsa. A yammacin ranar hadari ya haɗu ta gabas, wajen duwatsun Habasha, ya yi baƙi, iska ta kaɗa buhunan, su uku suka tsaya a bakin rumfar suna kallonsa. Bai sauko ba sai bayan kwana tara.

Ranar da motar ta koma hanya, fasinjan farko tsohuwarsa ce, za ta asibiti a Gadarif. A shingen farko sojan ya leƙa, ya dubi fuskokin mutane, ya ɗaga hannu. Da ya sauke ta ya bar yaron mota yana lodi, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar da 'yar maƙwabcinsa take, da kwalin a aljihunsa.